Saƙa tsaro da rajista cikin wakilan JADE suna tsaka da aiki: wanne za ka ɗauka?

Duk wanda ya taɓa ɗora wakilan manhaja (ƙananan manhajoji masu aiki da kansu suna aika wa juna saƙo) a kan JADE, wato dandalin Java na gina irin waɗannan wakilai, ya san ciwon nan. Tantance mai aiko saƙo, rubuta rajista (bayanan abin da manhaja ta yi), sake turawa idan layi ya yanke, duk ayyuka ne da suka ratsa kowane wakili. Ka rubuta su da hannu a wuri arba'in, gobe a ce a canza ɗaya. Maganin shi ne saƙa, wato ka rubuta su sau ɗaya wani kayan aiki ya cusa su ko'ina, amma wane kayan aiki? Ma'aunina guda ne: zan iya canzawa ba tare da na kashe kwantena, wato mazaunin da wakilan ke gudu a ciki, ba?

AspectJ, wanda ya fito daga Xerox PARC, shi ne dattijon fagen, amma saƙarsa lokacin harhaɗa kod ce ko lokacin loda aji (class, tubalin kod na Java). Abin da ya riga ya shiga ya shiga. Istio da Envoy kuwa, masu kula da zirga-zirgar saƙonni a kan hanyar sadarwa, 'yan bakin ƙofa ne, ba su san abin da ke cikin wakili ba. Spring AOP ɗan tsakani yake sakawa, don haka idan aji ya kira aikin kansa, kiran ba ya bi ta kan ɗan tsakanin. Takardunsu sun faɗa, ni ne ban karanta ba, na kwana uku ina neman rajistar da ba a taɓa rubutawa ba.

Byte Buddy na Rafael Winterhalter shi ne nawa. Yana maƙalewa jikin JVM, injin da ke gudanar da kod na Java, tana gudu, ya sake fasalin ajin da aka riga aka loda, ya cusa kod a farkon aiki da ƙarshensa, kuma kana iya warware saƙar idan ta ɓaci. Mockito da Hibernate, sanannun kayan aikin Java, da shi suke aiki. Yana da iyaka: ba za ka ƙara wa lodadden aji sabon aiki ba, sai gyaran cikin wanda yake akwai, kuma daga Java 21 ana buga gargaɗi idan ka maƙala shi a tsakiyar gudu. Sannan wakilin JADE yana ƙaura. In ba ka saƙa kwantenar da zai sauka ba, ya isa can tsirara.

A yi hattara da 'yan damfara. Wani ɗan kwangila ya taɓa tallata mana "sauyi nan take", ashe kashe sabar yake yi ya kunna da sauri, wakilai su manta duk abin da suke riƙe da shi. Ka sa a canza ƙa'ida a gabanka saƙonni suna tafiya, ka duba lambar furoses ɗin (lambar da kwamfuta ke ba manhaja duk lokacin da aka kunna ta) kafin da bayan. In ta sauya, an yi maka sakiyar da ba ruwa. Kada ka karɓi fayil ɗin jar (kunshin kod na Java) na Byte Buddy ta WhatsApp ko filas. Abin da ke iya sake rubuta ajinka yana iya karanta kalmomin sirrinka. Ɗauko daga Maven Central, babban rumbun kayan Java na intanet, ƙarƙashin net.bytebuddy, ka duba sunan harafi-harafi, don masu kwaikwayo harafi ɗaya suke canzawa.