Rediyon Littafi Mai Tsarki da na saya wa Baba: murya ta yi, maɓallai sun gaza

Tun da idanun mahaifina suka yi rauni ya daina iya karanta ƙananan baƙaƙe, sai na saya masa wata ƙaramar rediyo mai katin memori a wani shagon littattafan Kirista da ke Jos, wadda aka ɗora mata Littafi Mai Tsarki na Hausa gaba ɗaya. Wata uku ke nan tana hannunsa, kuma mun fi gwada ta a kan sura guda, wato Ezekiyel 18, domin ita ce Baba yake yawan nema tun da wani ɗan'uwa ya ce masa wahalar da ta sami gidanmu alhakin kakanni ne ke bin mu.

Mai karatun ya san aikinsa. Ba ya gaggawa, ba ya haɗiye ƙarshen kalma, kuma yana bambanta muryar Ubangiji da ta mutanen da ke gunaguni. Wannan yana da muhimmanci a nan, domin surar gardama ce tsakanin Allah da mutanen Yahuza da sarki Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Suna ta maimaita karin maganar nan cewa iyaye ne suka ci 'ya'yan inabi masu tsami amma haƙoran 'ya'ya ne suka mutu, Allah kuwa ya hana su faɗinta. Daga nan annabi Ezekiyel ya jera mutum uku: uba adali, ɗansa mai zub da jini, da jikan da ya ga aikin ubansa ya ƙi bin sawunsa, kowannensu da nasa sakamako. Wanda ya tsinci aya ta 20 ita kaɗai, wadda ta ce mai zunubi shi ne zai mutu, zai ji hukunci ne kawai, amma wanda ya saurari ayoyi 32 ɗin a jere zai kai inda aka ce Allah ba ya jin daɗin mutuwar mugu, ya fi so ya tuba ya rayu. Sauraro a jere shi ne babban amfanin wannan na'ura. Ranar farko da Baba ya kai ƙarshen surar, ya ɗora rediyon a gwiwarsa ya ce, "Ashe dai alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi."

Matsalar tana wajen neman wuri. Baba mutum ne mai son gwada nassi da nassi, ya kuma san cewa Fitowa 20:5 ta yi maganar laifin iyaye da ke kaiwa tsara ta uku da ta huɗu, yayin da Maimaitawar Shari'a 24:16 ta hana a kashe 'ya'ya saboda iyayensu, dokar da sarki Amaziya ya bi a 2 Sarakuna 14 lokacin da ya bar 'ya'yan waɗanda suka kashe ubansa da rai. Rediyon ba ta da allon da ke nuna sunan littafi, lamba kawai take nunawa, kuma surori 1,189 an zuba su ne a layi ɗaya. Daga Fitowa, littafi na 2, zuwa Ezekiyel, na 26, sai an yi ta danna maɓalli har yatsa ya gaji. Dole na rubuta masa lambobin surorin da manyan baƙaƙe a jikin kwali, na haɗa da Irmiya 31 da Galatiyawa 6, waɗanda su ma suka taɓa wannan batu.

Batirin yana kai mu kwana biyu idan ba a ƙure murya ba, kuma cajar waya tana yi masa. Mai shagon ya yarda zai sake jera katin littafi littafi idan na mayar masa, saboda haka duk mai niyyar saya ya nemi a yi masa hakan, ya kuma gwada da hannunsa kafin ya biya.