Na gwada shafin Rijksmuseum don gane zanen Goltzius

Shafin intanet na Rijksmuseum, gidan tarihin da ke Amsterdam, ya buɗe rumbun hotunansa ga kowa, kuma ana sauke manyan hotuna kyauta. Ni dai abin da ya kai ni shi ne zane-zanen da ake sassaƙawa a kan farantin jan ƙarfe, a shafa tawada, a buga a takarda. A ƙarni na 16 da na 17 masu wannan sana'a a Turai ba su cika faɗin magana kai tsaye ba. Sai su ɗauko tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa su yi hannunka-mai-sanda da su.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake jawo hoto kusa ba tare da ya dusashe ba. Na gwada da zane huɗu masu siffar da'ira da mai zane Hendrick Goltzius ya sassaƙa a birnin Haarlem na ƙasar Holan a 1588, bisa zanen Cornelis van Haarlem. Kallon farko, ƙarti huɗu ne kawai suna faɗowa daga sama, ƙafa a sama kai a ƙasa, ba ka san wane ne wane ba. Sai da na matso da hoton na hango wani ɗan mutum mai fukafukai can nesa yana tafiyarsa lafiya lau. Daedalus ke nan, ashe mai faɗowar ɗansa ne Icarus, wanda ya kusanci rana har kakin fukafukansa ya narke. A ɗayan kuma dawakai ne da karusa suka tarwatse a baya: Phaeton, yaron da ya nace sai ya tuƙa karusar rana, Jupiter, babban abin bautar Rumawa, ya harbo shi da tsawa. Sauran biyun Tantalus da Ixion ne. Duka huɗun sun wuce gona da iri, kuma rubutun Latin da ke zagaye da kowane hoto gargaɗi ne a kan haka. Wasu masana suna ganin habaici ne ga Sarki Philip na 2 na Sifaniya, wanda 'yan Holan ke yaƙa a lokacin. Ban gamsu sosai ba, amma shekarar ta yi daidai da karyewar rundunar jiragen ruwansa.

A nan ne kuma na ga aikin hannun Goltzius: layi ɗaya zai fara siriri, ya yi kauri a tsakiya, ya sake sirancewa, da haka ya fitar da kumburin tsoka. Mutumin da hannunsa na dama ya ƙone tun yana yaro fa!

Shafin yana nuna suna, shekara da abin da ke cikin zane, amma fassara aikinka ce. Dole ka san mikiya alamar Jupiter ce, ɗawisu alamar matarsa Juno, lauje kuma alamar Lokaci. Masu zanen da kansu suna duba Iconologia, littafin Cesare Ripa mai bayanin irin waɗannan alamomi, wanda ya fito a Rum a 1593, aka ƙara masa hotuna a 1603. Da shi nake haɗawa. Yawancin bayanan da Holanci suke, don haka manhajar fassara tana kusa da ni.

Abu biyu ga mai son shiga: manyan hotunan suna cin data, sannan da yawa daga cikin mutanen da aka zana babu tufafi a jikinsu, ba abin buɗewa a gaban yara ba ne.