CARES, bel ɗin yara na jirgin sama: yana riƙe kafaɗa, amma yaro na iya zamewa

Bel ɗin kujerar jirgi a ƙugu kaɗai yake kamawa, kuma da jikin babba aka auna shi. Ɗan shekara biyu, in jirgi ya ci birki da ƙarfi ko ya faɗa gargadar iska, ƙirjinsa da kansa gaba suke tafiya. Wannan giɓin ne kamfanin AmSafe ya toshe da CARES, wanda hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta amince da shi a 2006. Na yaron da ya cika shekara 1 ne, mai nauyin kilo 10 zuwa 20, wanda bai wuce mita 1 ba, kuma sai an saya masa tasa kujerar. Nauyinsa bai kai rabin kilo ba, yana shiga jakar hannu.

Ɗaurawa ba wuya. Ka nemi izinin na bayanka ka sauke teburinsa, ka zura jan madaurin ta saman kujera har ya zo daidai kafaɗar yaro ko sama kaɗan, ka ja ya tsuke, ka mayar da teburin. Baƙaƙen madauran biyu su sauko ta kafaɗu, ka zarga bel ɗin jirgin ta cikin hancinsu na ƙasa, ka ɗaure, sannan ka maƙala na ƙirji.

Aibinsa babba shi ne ba shi da madauri a tsakanin ƙafafu. Kujerar jirgi tana da santsi, yaro yana barci sai ya sulale ƙasa, bel ya hau cikinsa, maƙalin ƙirji ya nufi wuya. Bel a kan ciki kuwa hanji da hanta yake matsewa idan aka yi karo, maimakon ƙashin ƙugu ya ɗauki nauyin. Don haka sai an tsuke bel ɗin ƙugun sosai, ana duba shi lokaci lokaci. Yaron da bai iya zama a miƙe ba, kujerar mota da aka amince a shiga jirgi da ita ta fi masa. Shi CARES ba ya aiki a mota ko kaɗan.

Wajen zama, a ba yaro gefen taga don kada ya tare hanya; layin ƙofar gaggawa an hana. Masu rububin kujerun baya suna da ɗan dalili: nazarin mujallar Time na 2015 ya nuna, a hatsarurrukan jirgi, mutuwar kashi 32 cikin ɗari a baya, 38 a gaba, 39 a tsakiya. Amma tazarar ba ta kai amfanin ɗaura bel ba. A hatsarin jirgin Asiana a San Faransisko a 2013, 'yan mata biyu da jirgin ya wurgo waje a baya suke zaune, kuma ba su ɗaura bel ba.

Jabu ya yi yawa a intanet. Na gaske yana da lambar amincewar FAA ɗinke a jikin madaurin, ita ma'aikatan jirgi ke dubawa. Masu tafiya Umara da yara su tambayi kamfanin jirginsu kafin ranar tashi, domin ba kowane kamfani ke karɓarsa ba, kuma ba ya zama a wasu manyan kujerun ajin 'yan kasuwa.