Ƙwayar bitamin D3 mai IU 1000: tana da amfani, amma ba kayan mata ba ce

Wadda na yi amfani da ita ƙwaya ce mai laushi, mai ɗan mai a ciki, kowace ɗaya IU 1000, wato maikirogiram 25. Tana cike giɓi ga wanda bitamin D ya yi masa ƙaranci. Amma masu tallata ta a matsayin maganin ƙarfin maza ko na haihuwa sun yi zuƙi ta malle.

Gaskiya akwai alaƙa. Mahaifa, mabiyiya, ƙwan mace da maniyyi duk suna da mazaunin da bitamin D ke kamawa, kuma an sha ganin ƙarancinsa ga mata masu rikicewar al'ada da maza masu raunin maniyyi. Sai dai namijin da bitamin D na jininsa ke daidai, ko ya shanye kwalba guda, sinadarin mazakutarsa ba zai ƙaru ba. Ga mai juna biyu, babbar ribar ita ce ƙashinta da na jariri.

Wani zai ce a Sakkwato, da wannan ranar, wa zai rasa bitamin D? Rana ba ta aiki sai ta taɓa fata kai tsaye. Hasken da ya ratsa gilashin taga ba ya ƙirguwa, baƙar fata kuma ta fi buƙatar daɗewa a rana. Matar da ke wuni a ɗaki, in za ta fita ta lulluɓe har idon sawu, ita ya kamata a fara aunawa. Gwajin jinin sunansa 25(OH)D. In sakamakon ya yi ƙasa da 20 ng/mL, ƙaranci ne.

A sha ɗaya a rana, tare da abinci mai maiko, ko da shinkafa da mai da yaji ne. Da ruwan shayi kaɗai jiki ba ya tsotse ta sosai. Sauyin ba na dare ɗaya ba ne, sai a sake gwaji bayan wata uku.

Inda ake samun ɓarna shi ne ƙwaya mai IU 50,000. Likita ke rubuta ta, sau ɗaya a mako, yawanci na mako 8, ga wanda gwaji ya tabbatar. Wasu kan sha ta kullum. Ba ta fita da fitsari, taruwa take yi, sai kalsiyam ya hau a jini: ƙishirwa, yawan fitsari, tashin zuciya, taurin bayan gida, har tsakuwar ƙoda. Babba kada ya wuce IU 4000 a rana ba tare da likita ba. Mai ciwon ƙoda ko mai shan maganin farfaɗiya ya fara tambaya.

Aibinta ɗaya a wurinmu zafi ne. A watan Afrilu, in aka bar kwalbar a mota ko kusa da madafa, ƙwayoyin sai su manne da juna su fara yoyon mai. Kafin ka biya a kemis, duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, sannan ka girgiza kwalbar. In ba ka ji suna kaɗawa ba, nemi wata.