But ɗin niyofirin ko dogon takalmin roba? Amsa ga mai shiga kayak a tafkin Lomond

Malam, ka tambayi wane takalmi za ka sa don shiga kayak, ƙaramin kwale-kwalen nan da ake tuƙawa da filafili. Cikin biyun da ka jera, but ɗin niyofirin (takalmin shiga ruwa na roba mai kamar soso) da dogon takalmin roba irin na damina, ɗauki na farko. Mai kaurin milimita 5, wanda ya rufe idon sawu, mai zif a gefe, mai tauri a ƙasa. Tunda a Nuwamba ƙungiyar makarantarku za ta kai ku tafkin Lomond na Sikotland, ai babu wani dogon lissafi.

Ka fara sa wa ranka cewa ƙafarka sai ta jiƙe. Ba a shiga kayak daga kan tudu. Sai ka tura shi cikin ruwa, ka taka har ƙwauri, sannan ka zauna, kuma duk ruwan da ya ɗiga daga filafili ko ya fantsamo ciki, wurin dunduniyarka yake taruwa. RNLI, ƙungiyar ceto a ruwa ta Birtaniya, tana kiran duk ruwan da bai kai digiri 15 na Selshiyas ba ruwan sanyi mai haɗari, Lomond kuwa ko da rani ba ɗumi gare shi ba, balle an doshi hunturun Sikotland. Ruwa yana zuƙe zafin jiki ninki kusan 25 kan yadda iska take yi. Don haka abin nema shi ne takalmin da zai riƙe ɗumi bayan ya jiƙe.

Aikin niyofirin ke nan. Roba ce mai kamar soso, cike da ƙananan kumfar iska da ke tare zafi. Ruwa kaɗan yana shiga, jikinka ya ɗumama shi, ya tsaya nan. Mintunan farko za ka ji sanyi har cikin ƙashi, kada ka ce an cuce ka, daga nan sai ka manta da ƙafar.

Nawa na Lomo ne, wani kamfani a Gilasgo, kuma har yau shi nake sawa. Ranar da ya shiga raina, mun tashi daga ƙauyen Balmaha da ke bakin tafkin muka tsallaka zuwa tsibirin Inchcailloch da sanyin safiya, raɓa ta daskare a kan kwale-kwalen har sai da muka kankare. Da muka isa sai na sauka cikin ruwa na ja kwale-kwalena zuwa gaɓa, na taka duwatsun nan masu gansakuka, ƙasan takalmin ya kama su bai zame ba. Muka bi hanyar daji muka hau ƙololuwar tsibirin muka dawo, duk da shi a ƙafata. Wata baiwar Allah da ke cikinmu kambas ta sa da safar auduga. Lokacin shan shayi tana zaune kan gungume ta cire su, yatsunta sun yi fari fat, tana murza su da hannu biyu tana cewa ba ta jin su. Sai da jagoranmu ya ciro busasshiyar safar ulu daga jakarsa ya ba ta. Ni kuwa da na zuge zif, tururi ne ya tashi.

Zif ɗin nan kada ka raina shi. Wanda ba shi da zif ya ɗan fi hana ruwa kai-komo, gaskiya ne, amma cire shi da daskararrun yatsu kokawa ce, kuma idan azahar ta same ka a bakin tafki kana son alwala za ka gode wa wanda ya ƙirƙiro zif.

Dogon takalmin roba kuwa, ina da shi, yana bayan ƙofa, na shiga lambu ne. Yana tare ruwa matuƙar ruwan bai wuce bakinsa ba. Da ya wuce, ka ɗauki bokiti biyu a ƙafa. Ba zai ja ka ƙasa ba kamar yadda ake faɗa, amma idan kwale-kwale ya kife, iyo da shi wahala ne, komawa ciki ya fi wahala, wani lokacin ma ya suɓule ya tafi. Ga shi ƙato, gaban kayak kuma matsattse ne. Iyakar yabon da zan masa, yana da araha.

In kuɗi sun yi maka kaɗan, akwai hanya ta uku: safar niyofirin mai milimita 3 a cikin tsohon kambas. Tana yi. Sai dai ka tura igiyar takalmin ciki sosai, domin akwai matakan ƙafa a cikin kayak da igiya kan iya maƙalewa, kuma wannan ba abin da kake so ba ne lokacin da kake ƙoƙarin fitowa a kife. Silifas da takalman nan masu huji-huji, bar su a ɗaki.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa a intanet. Da yawa suna rubuta milimita 5, kaya ya iso ka ga ko 3 bai kai ba. Gwajin mai sauƙi ne: kwabbon fam ɗaya na Birtaniya kaurinsa milimita 2.8 ne, to ka haɗa biyu ka kara a bakin takalmin, ya kamata su zo kusan daidai. Duba ɗinkin ma. Na kirki ana manne shi da gam sannan a ɗinke ba tare da allura ta huda ta fita ba. In ka ga zare a shimfiɗe ciki da waje, na ƙasashen zafi ne, ruwa zai riƙa ratsawa. Sannan ka lanƙwasa ƙasansa da hannu. In ya naɗe kamar tabarma, duk tsakuwar gaɓar Luss, wani ƙauye a bakin tafkin, sai ka ƙirga ta da tafin ƙafa. Masu sayar da na hannu kuma, akwai masu ɓoye tsagewar dunduniya da baƙin gam su ɗauki hoto daga nesa. Wanda ya ce ba a mayar da kaya, wuce shi.

Wajen lamba, je shago ka gwada da safar da za ka sa, ta ulu ko ta niyofirin, ban da auduga. Ya kama ƙafa amma yatsu su iya motsi. In ya matse, jini ba zai zagaya ba, sanyin ya fi na rashin takalmi. In ya yi yawa, ruwa zai yi ta shiga yana fita yana kwashe ɗumin. Idan ƙungiyarku za ta ba ku rigar nan da ba ta shan ruwa, mai haɗe da safa, ƙara lamba ɗaya.

Bayan kowace fita ka ɗauraye shi da ruwan famfo, ka buɗe zif, ka shanya a inda iska ke bi. Kada ka ɗora kan hita, robar bushewa take ta tsage. In ka bar shi cikin jaka kwana biyu kuwa, abokan zamanka za su san ka je tafki.

Sayi mai milimita 5, ka haɗa da busasshiyar safa da takalmin canji a mota. Mai 7 sai in za ka ci gaba da fita har Janairu.