Zoom a ranar Lahadin da ruwa ya tare hanya: abin da na gani a sujada shida

Ni ne mai kula da lasifika da makirufo a majami'armu, shekara tara ke nan, don haka duk abin da ya shafi waya da na'ura a kaina yake faɗowa. Ra'ayina ne zan faɗa a kan Zoom, manhajar yin taro ta bidiyo a intanet, wadda na yi amfani da ita a ranakun Lahadi shida da hadari ya hana mutane fita. Amma sai na fara da abin da ya kai mu gare ta, in ba haka ba ba za a gane dalilin da ya sa nake yabonta ba.

Ikilisiyarmu tana da tsanani a kan zuwa sujada. Akwai littafin rajista mai baƙin bango a bakin ƙofa, ana sa wa kowa alama. Ka rasa Lahadi ɗaya, kafin rana ta faɗi waya ta shigo: "Ɗan'uwa, yau ba mu gan ka ba, lafiya dai?" Ka rasa biyu, a fara zancen ja da baya. Uku, dattawa su kira ka zama. Ruwa kuwa ba ya cikin uzurin da ake karɓa. Ayar da ake jawowa kullum ita ce Ibraniyawa 10:25, wadda ta gargaɗe mu kada mu bar yin taronmu, sai a ɗora da cewa, "Da wurin aiki ne ai da ka fita." Ina ƙaunar wannan ikilisiya, a cikinta aka yi mini baftisma, kuma na yarda taruwa wajibi ce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne abin da idona ya gani wata safiya.

Tun asuba ake zuba ruwa da iska, tsawa na bin tsawa. Ina durƙushe ina naɗe wayoyi don kada danshi ya taɓa su, sai ga wata gwauruwa da muke kira Mama, ta haura saba'in. Takalmanta a hannu, zaninta ya jiƙe har ƙugu, Littafi Mai Tsarki a ƙulle cikin leda ta rungume shi a ƙirji. Haƙoranta na haɗuwa saboda sanyi. Na ja mata kujera kusa da na'urar ƙara sauti, inda ɗan ɗumi yake fitowa, na ce, "Mama, me ya fito da ke cikin wannan ruwa?" Ta ce, "Ɗana, ba na so a rubuta ni." Wannan ce amsarta gaba ɗaya. Mako biyu ta yi a kwance bayan nan. A ranar kuma motar wani ɗan'uwa ta mutu a tsakiyar ruwa da yara uku a baya, sai da mutane suka taru suka tura.

Mutane suna raina ruwa mai gudu. Hukumar kula da yanayi ta Amurka tana cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 kuma ya tafi da ƙaramar mota. Santimita 15 ko tsawon hannun babban mutum daga wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsu bai kai ba. Aradu ita ma ba ta tambayar inda mutum za shi: a watan Maris na 2018 ta faɗa wa wata majami'a a gundumar Nyaruguru ta Ruwanda ana cikin sujada, mutum 16 suka rasu. Da waɗannan na je wurin fasto, na haɗa da Karin Magana 22:3, inda aka ce mai hankali yakan hango masifa ya ɓuya, da yadda Bulus ya gargaɗi masu jirgin ruwa a Ayyukan Manzanni 27 kada su tashi a lokacin hatsari, suka ƙi, jirgin ya farfashe. Fasto ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce a gwada yin sujada ta Zoom ranar hadari. Wani dattijo bai so ba, har yau ma bai so ba.

To, ga manhajar. Abu na farko da ya burge ni shi ne sauƙin shiga. Ni kaɗai na buɗe asusu. Sauran mutane manhajar kawai suka sauke, na tura musu adireshin taro, suka taɓa, suka shigo. Ga ikilisiyar da rabinta dattawa ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsarin kyauta yana ɗaukar mutum 100, kuma taro yana yankewa bayan minti 40. Mun san da wannan tun farko, sai muka tsara sujadar hadari a minti 35: addu'ar buɗewa, waƙa ɗaya, karatu, wa'azi na minti 20, addu'a domin waɗanda ruwa ya shiga wa gida, albarka. Ban taɓa jin fastonmu ya yi wa'azi mai shiga zuciya kamar waɗannan gajerun ba. Ikilisiyar da ta fi mutum ɗari, ko wadda ba za ta iya rage sujada ba, sai ta biya kuɗin wata.

Maɓallin da ya fi kowanne amfani a wurina shi ne na rufe makirufon kowa lokaci ɗaya. Ruwa a kan rufi yana da ƙara, in gida talatin suka bar nasu a buɗe ba wanda zai ji komai. Manhajar tana rage hayaniyar baya da kanta, kuma ta yi ƙoƙari sosai da ƙarar ruwa, muryar fasto ta fito sarai. Idan za a sa kiɗa, akwai saitin da ake kunnawa don ta bar sautin yadda yake, domin abin da aka gina shi ya tace hayaniya yakan ɗauki kiɗa a matsayin hayaniya.

Waƙar taro dai ba ta yiwuwa, kuma wannan ba a kan Zoom kaɗai ba ne, halin intanet ne: sauti yakan isa kowane gida da ɗan jinkiri dabam. Sai muka bar mace ɗaya daga mawaƙa ta ja, kowa ya bi ta a gidansa makirufo a rufe. Ina ganin bakuna na motsi a ƙananan tagogi, ba na jin kowa. Nan ne na fi jin kewar majami'a. Jibin Ubangiji ma ba mu taɓa yi ta nan ba, kuma ba na ba da shawarar a yi. Wanda ya ce wannan manhaja ta maye gurbin zama a benci ɗaya da 'yan'uwa bai faɗi gaskiya ba. Ranar hadari kawai take ceto.

Ga masu tsoron data, a kashe bidiyo, a bar murya. Hakan kuma yana taimakawa in layi ya yi rauni, abin da yakan faru daidai lokacin da iska ta fi ƙarfi. A Lahadi ta huɗu wuta ta ɗauke a wurare da yawa, muka fara da gida 41 muka ƙare da 26.

Wannan ne ya kawo abin da ya fi damuna, kuma duk mai niyyar kawo wannan tsari majami'arsa ya ji shi da kyau. A gefen allo manhajar tana jera sunan duk wanda ya shigo. Amfaninsa a bayyane yake, da shi nake sanin wanda zan buɗe wa makirufo. Amma bayan sujada ta biyu dattijon nan ya kira ni ya ce, "Ka turo mini sunayen waɗanda suka shiga, mu sa a littafi." Gabana ya faɗi. Wato rajistar da ta fito da Mama cikin ruwa za ta bi ta har ɗaki, wannan karon kuma wanda za a rubuta shi ne marar babbar waya, da wanda cajinsa ya ƙare, da wadda take kwashe ruwa daga ɗakin yaranta da bokiti. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya ba. In kana so mu san wanda bai shigo ba don mu tambayi ko rufinsa yana nan, ni da kaina zan buga musu. Amma ba don littafi ba." Maganar ta je gaban fasto. Ya yanke cewa ranar da aka yi gargaɗin hadari ba a buɗe rajista, ko ta takarda ko ta waya. Dattijon ya ce muna koya wa mutane lalaci. A cikin wata biyar ban ga ko mutum ɗaya da ya daina zuwa ranar da gari ya waye lafiya ba. Benci a cike yake kamar da.

Shawarata ga mai kula da na'urori: ka gwada da dattawa ranar da ba ruwa, ɗaya bayan ɗaya, ka sa musu manhajar da hannunka. Ka tura sanarwa tun daren Asabar in an yi gargaɗi, kuma ta fito da sunan fasto, domin in daga gare ka ta fito mutane za su ɗauka ba izini ba ne, su fita. Ka cika cajin waya biyu.

Mama ba ta da babbar waya, ƙarama ce mai maɓallai. Ranar hadari sai in buga mata kira na yau da kullum daga wayata ta biyu, in jingina ta a jikin lasifikar kwamfuta, ta saurara har ƙarshe. A Lahadi ta shida, da fasto ya sa albarka, na ɗaga wayar na ce, "Mama, kin ji?" Ta ce ta ji duka, tana zaune a bakin gado da bargo, sai dai in gaya wa mai jan waƙa ta rage sauri, domin ba ta iya bin ta.