Murfin garmaho na akirilik da aka yanka min a Sabon Gari

Garmahona Technics ne, samfurin SL-1200MK2 da aka fara ƙerawa a 1979. A gwanjo na saye shi, injinsa lafiya lau, amma murfin ya tsage ta baya, daidai inda hinji (mariƙin da ke ba murfin damar buɗewa da rufewa) ke kama shi, wurin da irin waɗannan murafan suka fi karyewa. A Kano kuwa ba a barin garmaho a buɗe. Da hunturu ya kama, ƙura za ta cika ramukan faifai ta taru a bakin allura, waƙa ta koma ƙaraf-ƙaraf.

Murfi na asali sai an yi odarsa daga waje, kuɗin dakonsa kaɗai ya isa ya sa mutum ya haƙura, ga fargabar ya iso a fashe. Shi ya sa na nufi wani shagon masu allon talla a Sabon Gari, masu yanka robar nan mai kama da gilashi da suke kira akirilik.

Mai shagon ya sa tef ya auna, faɗi wajen santimita 45, daga gaba zuwa baya 36. Ya ce, "Alhaji, mu sa mai kaurin milimita 5, sirara takan lanƙwashe a tsakiya in zafi ya yi yawa." Ya yanka ɓangarori biyar da injin leza, ya haɗa su da wani ruwa mai narkar da bakin robar har ta manne da 'yar'uwarta. Yankan ya fita tas, gefe sumul, ba kaifi. A kusurwa ɗaya dai iska ta maƙale cikin haɗin ta bar ɗigo-ɗigo, sai ka matso za ka gani.

Wajen tare ƙura ba ni da ƙorafi. Ya zauna daram, kuma ya fi tsohon haske, don wancan duk ya dushe da ƙarzuwa.

Inda aikin ya gaza shi ne nauyi. Sifirin ɗin da ke cikin hinjin Technics, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke riƙe murfin a ɗage, an yi shi ne daidai murfin kamfani, wanda bai kai wannan kauri ba. Yanzu in na ɗaga na saki, sai ya sulale ƙasa, kuma murfi ya faɗo allura na kan faifai ba ƙaramar ɓarna ba ce. Da na koma wurin mai shagon, cewa ya yi, "Ai mu roba muka sani, ƙarfe na wani ne." Gaskiyarsa, amma ya kamata ya faɗa tun wajen zaɓen kauri. Sannan na asalin yana da ɗan tudu a saman gindin hannun allura. Shi ba shi da abin da zai fitar da tudun, sai ya ƙara wa murfin tsayi gaba ɗaya, ya fito kamar akwatin kiwon kifi. Na cire hinjin, ina ɗauke murfin in ajiye gefe duk lokacin da zan saurara.

Kada a goge shi da sifirit ko ruwan wanke gilashi mai amoniya, suna sa akirilik ya yi ƙananan tsagu. Ruwa da ɗan sabulu a tsumma mai laushi sun wadatar. Busasshen tsumma a hunturu kuwa caji yake tara wa robar, ta riƙa janyo ƙurar da kake korewa.

Mai son irinsa ya ɗauki garmahon da hinjinsa ya kai shagon, ya nemi milimita 3, a gwada ɗagawa da saukewa a gabansa kafin ya cika kuɗi.